Waken da Muka Ajiye wa Alhaji

Bana ma wake ya yi, kuma bana ma babu mai saye. Buhunansa suna nan jingine a ɗakina, irin buhun nan na zamani mai leda a ciki wanda ƙwaro ba ya rayuwa a cikinsa, sun tare mini rabin ɗaki har sai na karkace nake isa gado. Bazara kuwa ta kai inda ta kai. Tun da hantsi ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, awaki su lafe a gindin katanga suna haki, ruwan randa ya yi ɗumi ya ƙi kashe ƙishirwa. Ina zaune a inuwar zaure kwanan baya sai ga autana Isuhu ya shigo da waya a hannu, baki har kunne.

"Inna, sefa ta ƙara tashi! Yau in kin ba da jikka guda, sefa dubu, bakin iyaka, nairar da za a ba ki sai kin sa hannu biyu."

"To, Allah shi sa alheri," na ce. "Motocin wake sun taho?"

Ya shafa wayar. Can ya ce, "Kuɗɗinmu na da ƙarhi yanzu, Inna. Abin murna na."

"Na taɓa ganin ƙarhinsu tun ba a haihe ka ba."

Ban ƙara ce masa komai ba, don yaran yanzu in ka fara "a zamaninmu" sai su fara neman takalminsu. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji. Mutanen Najeriya ne masu sayen wakenmu tun tale-tale. In sefarmu ta yi musu tsada, wakenmu ya yi musu tsada ke nan, ko da mu ba mu ƙara ko dala a kan tiya ba. Wannan lissafin ban koye shi a makarantar lakwal ba, a gidan surukina na koye shi, shekara talatin da wani abu da suka wuce.

Lokacin ina da ƙuruciyata, da goyon 'yata ta fari a baya, a wannan ƙauyen namu na kusa da Bazaga. Surukina mutanen gari suna ce masa Nomau, ni kuwa Baba nake ce masa, shi ɗin ma sai na durƙusa na sunkuyar da kai. Dogo ne, busasshe, ba ya magana biyu. Matarsa ta rasu kafin a kawo ni, saboda haka tukunya da turmi da bakin rumbu duk a kaina suke. Gona biyu gare mu. Ɗaya ta tudu ce, jigawa, ana shuka mata hatsi, hatsin kuwa ko shekara ta yi kyau da ƙyar yake ganin ƙarshen bazara. Ɗayar tana bakin fadama, ƙasa mai duhu mai riƙe laima, da wani ƙaton marke a tsakiyarta, shi ya sa ake ce mata Gindin Marke. Kakan Baba ne ya sare ta da hannunsa. Ita Baba ya bar wa wake, kuma ita ke riƙe da gidan: a sayar da wakenta, a sayi hatsin da za a ci a cikin damina har sabo ya nuna.

Mai sayen waken mutum ɗaya ne, Alhaji Ummaru, daga ƙetaren iyaka wajen Sakkwato. Duk shekara idan ɗari ya fara ja da baya sai ya zo da babbar mota babu kaya, ya sauka a zauren Baba, ya sha fura, ya raba goro, wani lokaci har da turmin atamfa na matan gida. Ba ya ba da ko dala tun kafin lokaci, ba a kiran shaida. In zai tafi ne kawai yake riƙe hannun Baba ya ce, "Na baɗi ka aje mini." Baba ya ce, "An aje." Shi ke nan. Daga wannan rana waken ya zama na Alhaji, tun ba a jefa irinsa a ƙasa ba. Gidaje da yawa a garin suna da nasu Alhajin, kuma wanda ya sayar wa baƙo abin da ya ce an ajiye, sai ya daina zama cikin dattawa a gindin masallaci. Mai yi wa Alhaji awo kuwa wani ɗan garinmu ne, Mati, gajere mai baki, riga ɗaya gare shi, ita ce ta Juma'a ita ce ta kasuwa.

Kakar wannan shekara ba na manta ta. Gindin Marke ta yi wake har muka kira gayya. Matan unguwa suka fito da kwanduna tun raɓa ba ta bushe ba, muna roro muna waƙa, kwanson wake na fashewa a hannu don bushewa. Maza suka ɗaure harawa suka ɗora a kan rassan marken har ya yi kama da mai rawani. Aka buge, muka sheƙe, farin wake manya-manya ya taru a kan tabarmi. Ni kuma tun cikin damina nake tara toka, ta murhuna da ta maƙwabta, ina tankaɗe ta ina zubawa a tsofaffin tukwane, don da ita ake kare wake daga ƙwari. Muna da rufewa, wato rumbun laka mai ƙaramin baki a sama. Maigidana ya shiga ciki, ni ina kan tsani ina miƙa masa, ƙwaryar wake ƙwaryar toka, yana dannawa da ƙafa, har ya fito fari fat, ido kaɗai ake gani. Na yi masa dariya har 'yar bayana ta farka. Baba da kansa ya liƙe bakin da laka, aka kifa mata hular ciyawa. In an liƙe haka ba a buɗewa sai ranar awo, domin da iska ta shiga ƙwaro ya samu hanya.

Ɗari ya zo ya wuce, Alhaji bai zo ba. Ba mu damu ba da farko, mun ce ko hanya ce ko ciwo. Sai samarin da suka tafi cin rani kudu suka fara dawowa tun lokaci bai yi ba, aljihu cike da naira. Suka tafi Konni wurin 'yan canji, suka dawo fuska a murtuke, wai abin da aka ba su bai kai rabin na bara ba. Naira ta faɗi, sefa ta hau. Mu da muka tashi muna jin naira ita ce babbar yaya, abin ya yi mana wuyar gaskatawa. Kafin mu gama mamaki kayan Najeriya sun cika kasuwanni, araha kamar na tsintuwa: sabulu, kananzir, atamfa, takalman roba. Masu albashi, irin malaman lakwal da jandarma, suka zama sarakuna. Ni ma na yi murna, ba zan ɓoye ba. Na sayar da kaza ɗaya na sayo kwanonin sha masu fure har uku, na jera su a ɗaki ina ta kallo.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ita sefar da ake ta yabo ta daina ganuwa. Ka kai akuya kasuwa, a miƙo maka naira. Ka ce sefa kake so, a ce babu. Mati kuwa ya bar mudu da tiya, ya koma bin gidaje yana tambayar wa ke da takardar sefa ya ba shi naira har da ƙari a kai. Tsofaffi suka tone abin da suka binne. Ba a jima ba Mati ya yi sabuwar riga, ya yi rediyo, sannan ya yi babur. Muka ce lalle yaron nan ya samu wani malami.

Farkon bazara wani ɗan kasuwa daga Konni ya zo ya taya waken, tayi na wulaƙanci, amma dai kuɗi ne. Da la'asar ina tankaɗe a bayan danga na ji maigidana yana yi wa Baba magana a hankali.

"Baba, hatsin rumbu ya yi ƙasa. Ko mu saida rabi, mu aje ma Alhaji rabi?"

"Rabin wa za ka saidawa?"

"Rabin namu, Baba."

"Waken ga ba namu na ba. Ni da bakina nic ce an aje. In Alhaji ya taho gobe, mi za ni ce mishi? In ce yunwa ta sa na ci maganata?"

"Ana hwaɗin masu motoci duk sun daina zuwa. Dogarawa ma haka, Alela ma haka."

"Waɗannan ba Ummaru na ba."

Maganar ta ƙare a nan. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma matar ɗa ba ta sa baki a irin wannan, sai na huce a kan rariya.

Bazarar ta yi tsawo. Rana takan fito ja, ta tsaya a tsakiyar kai ta ƙi tafiya, iska ta ɗauke ɗif, dabbobi su riƙa lasar gindin randa. Rijiya ta ja baya har sai an ƙara igiya. Na fara rage awo. Da ana dama fura da rana a yi tuwo da dare, sai furar ta koma ruwa-ruwa, kana ganin gindin ƙwarya tun ba ka sha ba. Daga baya tuwon ya koma kunu. Ɗan waken da na ware na cin gida a wata tukunya na riƙa dafa shi da kanwa, babu mai babu yaji, har ya ƙare. Dusar da nake ba awaki na daina ba su, ni nake gasa ta in zuba a kunu don ya yi kauri. Kwanonin nan masu fure suna nan a jere, babu abin zubawa a ciki. Baba kuwa ya mayar da zamansa inuwar rufewa, daga inda ake hango hanyar Konni. Ko jirgi ne ya wuce a sama sai ka ga ya ɗaga kai ya gyara hula.

Ruwan farko ya zo da hadari mai ƙarfi. Gabas ta yi baƙi, iska ta taso ta kwashe dangar gidan, ta ture hular rufewa gefe, ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika gari, yara suka fita tsirara suna ihu. Da gari ya waye maigidana ya hau ya gyara hular, ya ce ya ga tsaga a gefen bakin, a bari ya buɗe ya duba. Baba ya ce in an buɗe an kashe waken, a shafe tsagar da laka kawai. Aka shafe. Muka fita shuka, maigidana na sara da sungumi, ni ina binsa ina jefa iri ina takewa, 'yata a baya, ciki babu komai sai ruwan kunu. Muka shuka tudu, muka shuka Gindin Marke.

Noman farko shi ne ya karya mu. Hauya tana son mai ci, mu kuwa ganye muke ci. Da safe in tafi in tsinko tafasa da yaɗiya, in dafa, in matse, in barbaɗa ɗan gishiri. Mata muka riƙa tafiya daji neman 'ya'yan anza, a jiƙa su kwana da kwanaki ana zubar da ruwan don ɗacin ya fita, bai taɓa fita duka ba. Maigidana in ya yi kunya biyu sai ya tsaya ya dafa ƙugu, idonsa na juyawa. Ruwa kuwa bai yi mana rowa ba, kullum cikin sauka yake, gari ya yi kore shar, kwaɗi na kuka, komai na tsirowa, mu muna ramewa. Babu abin da ya fi ci mini rai kamar in wuce ta gindin rufewar nan da tulu a kai, na san abinci ne cike a cikinta har baki.

Sai nonona ya ƙafe. Yarinyar ta kama ta ja ta ja, ta saki ta fashe da kuka, daga baya ma kukan ya koma ƙaramin sauti. Ranar ce na yi abin da ban taɓa yi ba. Na je gaban Baba na durƙusa, na kwanto ta daga baya na ajiye ta a kan tabarmarsa.

"Baba, ɗiyag ga ba ta samun nono."

Ya dube ta ya daɗe. Ya sa yatsa ya taɓa hannunta. Sannan ya turo mini ƙwaryar kununsa da bai taɓa ba.

"Sha wanga, ɗiyata. Ki ƙara haƙuri kaɗan. Mutumin ga bai taɓa saɓa mani ba."

Na sha, ina sha ina hawaye, don haushi da tausayi sun haɗu mini wuri ɗaya. Daga ranar kullum rabonsa ni yake turo wa, shi ya sha ruwa ya ce ya ƙoshi.

Alhaji ya zo ana cikin maimai, da rana tsaka bayan an ɗauke ruwa. Motarsa ta kafe a laka a bakin gari, maza suka watsar da hauya suka ruga, da sauran ƙarfin da ya rage musu suka tura ta suna kabbara. Mata suka yi guɗa. Baba ya shiga ɗaki ya sako rigarsa ta Juma'a. Ni kaɗai na lura da abu ɗaya, don ina tsaye a kan turmi ina leƙe ta saman danga: motar da kullum take zuwa wayam, yau cike take da buhuna har sama.

Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Na kai ruwa a ɗaya daga cikin kwanonin nan masu fure, don babu furar da zan dama, na koma bayan ƙofa na tsaya. Suka gaisa, suka tambayi iyali, suka tambayi damina. Mati yana gefe a tsugune da rediyonsa. Baba ya yi gyaran murya.

"Alhaji, kayanka na nan. Ko ƙwara ba a taɓa ba."

Alhaji ya sunkuyar da kai. Mutumin kirki ne, har yau ba na zaginsa. Ya ce, "Nomau, wallahi kunya ta hana ni zuwa. Na ɗauka ka ji labari ka saida tun tuni."

"In saida abin da nic ce an aje?"

"In na sai wakenka da sefa, na kai Sakkwato na saida da naira, ko kuɗɗin mota ba su hita. Ba ni kaɗai ba, kowa ya bari. Kuɗɗinku sun hi ƙarhinmu."

"To mi ya kawo ka da mota cike?"

"Masara ta, da garin rogo. Saidawa nika yi, amma da sefa kaɗai." Sannan ya ci gaba kamar mai ba da haƙuri. "Manyan Kano da Ikko ka son ta. Naira ba ta ƙetare ruwa, ba mai amsar ta can. Taku kuwa in an sa ta jakka an hau jirgi, bankin Faransa na amsa shi ba da kuɗɗin Turawa. Kowa na son hidda dukiyatai waje kahin ta narke. Yanzu takardarku ita ta haja, Nomau, ba wake ba. Na yahe maka alkawali, saida ma wanda kaka so."

"Wa?" in ji Baba. "Kowane gida na garin ga ruhewa cike take."

A lokacin na gane inda Mati ke kai sefar da yake tarawa, na kuma gane dalilin baburinsa.

Da Alhaji ya koma wurin motarsa Baba ya ce a buɗe, tunda yanzu waken namu ne, mu ci abinmu. Maigidana ya hau tsani ya fasa lakar da gatari. Warin ne ya fara fitowa, wari mai nauyi mai tsami, har awaki suka ja da baya. Tsagar nan ba ta liƙu ba. Duk ruwan da aka yi tun farkon damina yana ɗiga a ciki, toka ta jiƙe ta zama kwaɓi. Na sama ya tsiro ya ruɓe ya yi baƙi, na ƙasa inda ruwa bai kai ba ƙwari sun mayar da shi gari, suna ta yawo a hannun maigidana. Muka kwashe muka baza a tsakar gida har yamma, ina tsince na kirki ɗaya-ɗaya. Abin da na samu daga noman Gindin Marke na shekara guda bai cika ƙwarya uku ba. Baba ya zo ya tsuguna, ya damƙi baƙin kwaɓin nan ya duba, ya shafe hannunsa a jikin rigar Juma'ar, ya shiga ɗaki.

Alhaji da ya ji labari ya aiko mana da 'yan tiyoyin masara kyauta. Allah ya saka masa, amma tsakaninmu da sabon hatsi akwai tafiya mai nisa, awakin kuwa sun rame har ba mai tayawa. Washegari da hantsi, kafin motar ta tashi, Mati ya yi sallama da dattawa biyu a bayansa. Ban san ko Baba ne ya aika masa ko shi ya shinshino ba. Suka zauna a zaure, aka yi magana ƙasa-ƙasa, aka shafa fatiha. Gindin Marke ta zama ta Mati, da marken, da waken da ya fara fure a cikinta.

Sababbin takardun sefa Mati ya ba Baba, masu ƙara. Baba bai ko sa su a aljihu ba. Ya riƙe su a hannu ya taka zuwa gindin motar, maigidana na binsa da amalanken aro, ni ina bayansu da ƙwarya ko wani abu zai zube. Aka sauke mana buhunan masara. Baba ya miƙa wa yaron mota kuɗin, yaron ya miƙa wa Mati, Mati ya haɗa su da wasu ya ɗaure da roba ya jefa a cikin akwatin ƙarfen Alhaji. A kan idona aka yi. Kuɗin ba su yi ko sallar azahar a gidanmu ba. Motar ta tashi tana watsa laka, maigidana ya bi ta da kallo har ta ɓace, sannan ya ce, "To, Gindin Marke za ta Faransa. Ta riga mu hawa jirgi."

Da yamma na tuƙa tuwon masara. Ina jin haushin faɗa, amma ban taɓa cin tuwo mai daɗinsa ba. Muka ci har muka kasa tashi, Baba kaɗai ya yi loma biyu ya wanke hannu. Bayan 'yan kwanaki nonona ya dawo. Yarinyar ta rayu, tana nan Malbaza da 'ya'yanta, kuma duk sanda ta zo ta yi mini rowar goro sai in ce mata ta yi hankali, gona guda aka sayar a kanta.

Da kaka Mati ya kira roro, da kuɗi ba gayya ba. Muka je, ni da maigidana, muka tsinke waken da muka shuka da hannunmu, aka biya mu da naira. Baba bai sake bin hanyar fadama ba. In zai je jana'iza ƙauyen da ke bayanta sai ya zagaya ta tudu, tafiya ninki biyu. Bai daina zama cikin dattawa ba, kowa ya san ya riƙe maganarsa, sai dai bai ƙara cewa komai a wurin ba. Damina biyu ya ƙara ya rasu. Bayan rasuwarsa muka ji a rediyo an karya darajar sefa, an kuma daina karɓar takardarta a can waje. Kafin ka ce me, motoci sun dawo, wake ya yi daraja. Alhaji Ummaru ma ya dawo, ya tsufa, ya yi mana ta'aziyya. Da zai tafi ya riƙe hannun maigidana, bakinsa ya riga shi, ya ce, "Na baɗi ka aje mini." Maigidana ya ce, "A wace gona, Alhaji?"

Yau duk sun tafi, Alhaji da Mati da maigidan nawa. Gindin Marke tana hannun ɗan Mati, wanda ke zaune a Konni yana canji kamar ubansa. Ya sare marken, ya kewaye wurin da waya, ya sa mangwaro da injin ban ruwa. Mu kuma wake a tsakanin kunyoyin hatsi muke shuka shi a gonar tudu, ita kaɗai ta rage. Isuhu ya ce yanzu ba a ɗaukar kuɗi a akwati, ta cikin waya suke tafiya, kafin ka ƙifta ido sun ƙetare ruwa. Na ce to ai sun huta da laka. Buhun zamani ya fi toka, wannan gaskiya ne, waken ba zai ruɓe ba ko ya shekara. Iyakarta dai za mu fi Baba daɗewa muna jira.

Shekaranjiya Isuhu ya zo ya zauna kusa da ni, ba waya a hannu, sai na san akwai magana.

"Inna, kudu ba ta da amfani yanzu. In ka yi aikin rani duka, nairar ba ta sai ma buhu biyu nan. Abokaina sun yi arewa, wurin zinariya."

"Da wane kuɗɗin mota?"

Ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa. "Ɗan Mati ya yi mani maganar gonar tudu. Ba duka ba, rabi."

"Ubanka ma rabi yac ce."

"To mi za mu yi, Inna? Hatsin rumbu na kai mu ina? Wake kaɗai za mu ci har kaka, mu yi noma da shi?"

Na san inda hatsin zai kai mu, ni nake shiga rumbun. Na ce masa ya bari mu ga kasuwa ta gaba, wataƙila motoci su zo, mutanen can ai ba su daina cin wake ba. Ina rufe baki na ji muryar Baba ce na ara, sai tsoro ya kama ni. Kuma na lura kwanakin nan na mayar da tabarmata bakin zaure, wurin da ake hango hanyar Konni.

Jiya gabas ta fara haɗa hadari, iska mai ɗan sanyi ta taso. Da hantsi na ji ƙarar inji daga nesa, na miƙe da sauri har zanena na kwancewa, na sa hannu na kare ido. Ba mota ba ce. Babura ne guda biyu, ɗan Mati a gaba, dattawa biyu a bayansa. Na juya in ce wa Isuhu ya ce musu ba na nan, sai na tarar ya riga ya shimfiɗa musu tabarma.